Yadda Ake Yanka Dutsen Mabul a Ɗora Shi a Kan Kantar Kicin

Mabul dutse ne mai laushi idan aka kwatanta shi da giranayit, domin a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yana kan mataki na 3, shi kuwa giranayit yana tsakanin 6 da 7. Wannan laushi ne ya sa yake da daɗin yanka da gogewa, shi ne kuma ya sa yake saurin tsagewa a hannun mai gaggawa. Ko farin nan ne da ake haƙowa a Carrara ta ƙasar Italiya, ko na gida irin na Jakura a Jihar Kogi da Igbeti a Jihar Oyo, ana sayar da fallensa galibi da kaurin santimita 2 ko 3, kuma murabba'in mita ɗaya na mai santimita 3 ya kai wajen kilo 80.

Aikin farko shi ne duba abin da dutsen zai hau. Ko durowar katako ce ko ginin bulo da kankare, sai a ɗora lebul, wato ma'aunin karkata na magina, a kai gaba da baya, hagu da dama, a tabbatar babu ƙusurwar da ta fi wata tsawo, saboda mabul ba ya lanƙwasa ya bi karkatar gini, karyewa yake yi. Tsayin kanta da aka saba yana kusa da santimita 90, faɗinta kuma 60.

Daga nan sai awo, kuma a nan ne yawancin asara take faruwa. Awo da tef kaɗai bai isa ba, don da wuya a sami bangon da ya miƙe sarai, musamman inda filasta ta yi ciki. Abin da ya fi shi ne a yanka siraran filawud a jera su a bakin bango da gefen kanta, a manne su da gam har su ba da siffar wurin daidai, sannan a zana gurbin sinki da na murhun gas da ramin famfo a jiki. A bar santimita 3 zuwa 4 su zarce ta gaba, don ruwa ya riƙa ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin ƙofofin durowa. Wannan samfuri za a ɗora a kan fallen dutsen, a juya shi har a ga inda jijiyoyin mabul ɗin suka fi kyau, a kuma kauce wa duk wata tsaga ta asali.

Ana yanka da faifai mai bakin daimon, ruwa yana kwarara a kansa, domin ya sanyaya faifan ya kuma kwantar da ƙura. A manna tef ɗin takarda a kan layin don kada baki ya ɓare, a bi a hankali ba tare da danna inji ba. Gurbin sinki ya fi ko'ina hatsari: a fara huda kusurwoyin huɗu, a bar su da ɗan zagaye, domin daga kusurwa mai kaifi tsaga take tasowa. Siririn dutsen da ya rage a gaban sinki kuwa, a yi masa kwari ta ƙasa a binne sandar ƙarfe marar tsatsa da gam ɗin efoksi. Sannan a goge baki da faifan gogewa, daga lamba 50 mafi kaushi a hau 100, 200, 400, 800, 1500 har 3000 mafi laushi, ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Wajen ɗauka, a tsaye ake riƙe falle a kan gefensa. Wanda ya ɗauke shi a kwance kamar faifan tuwo zai ji ƙarar karyewarsa a tsakiya tun bai kai ƙofar kicin ba. A fara gwada shi a wurin babu gam, a cike inda ya yi rata da 'yan ƙananan maƙalai, sannan a ɗaga a ɗiɗɗiga gam ɗin silikon a kan katakon durowar. Idan kan kankare ne, a yi amfani da farin siminti, domin baƙin yakan tsotsu ya ɓullo a fuskar farin mabul. Mahaɗar falle biyu a cike ta da efoksi da aka rina da launin dutsen, a matse, a kankare rarar da reza kafin ta bushe.

Bayan kwana ɗaya sai a shafa man toshe ƙofofin dutse, a goge. Gwajinsa shi ne a ɗiga ruwa: idan ya tsaya dunƙule, man ya kama, idan wurin ya yi duhu, a ƙara shafawa. Man yana rage shigar manja da zoɓo, amma ba ya hana lemun tsami da tsamiya cinye sheƙin, don haka a sanar da matar gida ta riƙa yanka a kan katako, ta share tsami nan take da ruwa da sabulu marar kaifi, turmin jajjage kuma ya zauna a ƙasa.