Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa sabuwar amfilifayar jita da akwatin sifika

Yawancin ɓarnar da ake yi wa sabuwar amfilifaya a ranar farko ake yin ta. Mutum ya duba yawan wat, ya duba sunan kamfani, ya ga fulogi ya shiga rami daidai, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali abin da ke ƙona kaya yana nan a rubuce ƙanana a bayan amfilifayar da bayan akwatin: lambar om, wato ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta, 4 ko 8 ko 16, da alamar Ω a gefenta. Daga nan ake farawa. Wat na biye, daɗin sauti shi ne na ƙarshe.

Rashin sanin irin amfilifayar da ke hannunka

Dokar om ba ɗaya ba ce ga amfilifaya mai bawul da mai tiransista, kuma wanda ya ɗora dokar wannan a kan waccan shi ke kwana a ciki.

Mai bawul, wato kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti, tana da taransifoma tsakanin bawul ɗin da sifika. Ita ce ke da ramukan 4, 8 da 16, ko makunnin zaɓe mai waɗannan lambobi. Abin da take so shi ne daidai wa daida: akwati mai om 8 a ramin 8. Idan om ɗin akwatin ya gaza wanda aka zaɓa, bawul-bawul na wahala, suna saurin tsufa. Idan ya zarce, nauyin kan taransifoma yake komawa. Amfilifayoyi da dama na jure sabanin mataki ɗaya, kamar 8 da 16, in ba a ƙure murya ba, amma wannan haƙuri ne na injin, ba izini ba. Sabanin mataki biyu, 4 da 16, kada a gwada shi.

Mafi muni shi ne a kunna mai bawul ana kaɗawa babu sifika a jone. Ƙarfin da ya kamata sifika ta sha ba shi da mafita, sai ya koma cikin taransifoma a matsayin wuta mai tsananin ƙarfi, ya huda rufin siririyar wayar da aka naɗe a ciki, ko ya yi tartsatsi a mazaunin bawul. Taransifomar nan tana cikin sassa mafi tsada a injin. Saboda haka a jona akwati tukuna, sannan a kunna. In za a canza makunnin om ko a cire waya, a kashe injin.

Mai tiransista kuwa iyaka take bayarwa ta ƙasa. Idan an rubuta mafi ƙaranci om 4, to 4 da 8 da 16 duk sun halatta, sai dai ƙarfi na raguwa yayin da om ke hawa: wadda ke ba da wat 100 a om 4 za ta ba da wajen 60 a om 8. Abin da ke kashe ta shi ne sauka ƙasa da iyakar, domin tana jan wuta fiye da kima, ta yi zafi, ta kashe kanta in tana da kariya, in ba ta da shi tiransistocin su ƙone. Akasarinsu ba sa damuwa in an kunna su babu sifika.

Lissafin akwati biyu

Nan ne aka fi faɗawa rami. Mutum na da akwati biyu, kowanne om 8, ga ramuka biyu a bayan amfilifaya, sai ya soka su ya bar makunni a 8. Kuskure ne. Ramukan nan biyu kusan kullum haɗin faralel ne a ciki, wato wuta na rabuwa zuwa ga kowane akwati kai tsaye, kuma a irin wannan haɗi om raguwa yake. In akwatunan om ɗinsu ɗaya ne, raba lambar da yawansu. Biyu masu 8 sun zama 4. Biyu masu 16 sun zama 8. Biyu masu 4 sun zama 2, wanda amfilifayoyi ƙalilan ne ke ɗauka. Ramin da ke bayan wani akwati don a zarce da waya zuwa akwati na biyu shi ma galibi faralel ne.

Haɗin siris, inda wuta ke ratsa sifika ta farko ta wuce ta biyu, tarawa ake yi: 8 da 8 sun ba da 16. A cikin akwati mai sifika huɗu an saba gauraya hanyoyin biyu, a yi siris biyu-biyu sannan a haɗa rukunan a faralel, sai jimlar ta dawo kan lambar sifika ɗaya. Huɗu masu om 16 sun ba da 16. Waɗannan huɗun in duk an yi musu faralel, 4 za su bayar.

Haɗa akwati mai 8 da mai 16 a faralel yana ba da om 5.3, lambar da da wuya a sami raminta a amfilifaya. Bayan haka rabon ba adalci: mai 8 zai kwashe kashi biyu cikin uku na ƙarfin, ya bar wa mai 16 kashi ɗaya. In babban akwatin ne mai 16, ƙaramin mai 8, to ƙaramin ne ke ɗauke da kayan.

A kula da akwatunan da ke da makunni a baya. Marshall 1960A misali ne sananne: sifika huɗu masu inci 12, wat 300. In makunnin na kan mono, rami ɗaya om 16 ne, ɗayan 4. In an tura shi sitiriyo, kowane rami ya zama om 8 kuma sifika biyu kacal yake ɗauka, wat 150. Sau da yawa hannu ko bango ke ture makunnin a wajen ɗaukar kaya, mai kaɗawa bai sani ba. A ɗora masa ɗan salatif bayan an saita.

Haka kombo, wadda amfilifaya da sifika ke akwati ɗaya. A wasu, ramin ƙarin sifika na haɗa sabon akwatin da ta ciki a faralel, a wasu kuma yana yanke ta ciki gaba ɗaya. Littafin injin ne zai faɗa. Kada a yi kirdado da girman kaya: Fender Deluxe Reverb om 8 take so, Twin Reverb 4, Super Reverb kuwa 2.

Yarda da rubutun bayan tsohon akwati

Akwatin hannu ƙila an sauya masa sifikoki ko an sake masa wayoyi, rubutun na nan yadda yake. A auna. Soka wayar sifika a akwatin, saita mitar awon wuta a kan om, ɗora tsinke ɗaya a tsinin fulogin, ɗayan a jikinsa. Mita ba za ta nuna cikakkiyar lambar ba, kullum ƙasa take nunawa: akwati mai 4 zai nuna wajen 3, mai 8 tsakanin 6 da 7, mai 16 tsakanin 12 da 14. Kada wanda ya ga 6.5 ya ce akwatin ya lalace. In ta nuna kusan sifili, wayoyi sun haɗe. In ba ta nuna komai ba, wani wuri ya yanke, kuma ga mai bawul wannan daidai yake da babu sifika.

Wayar jita a madadin wayar sifika

Fulogansu iri ɗaya ne, milimita 6.35, shi ya sa ake rikita su. Kwance murfin fulogin ka leƙa. Wayar jita na da siririn zare ɗaya a tsakiya da saƙar tagulla kewaye da shi, don ɗaukar sauti mara ƙarfi ba tare da ƙugi ba. Ta sifika na da wayoyi biyu masu kauri ɗaya, kowacce da rufinta, babu saƙa. In aka tura wat 50 ko 100 ta cikin siririn zaren nan zai yi zafi, rufinsa ya narke, ya haɗe ko ya tsinke a tsakiyar kiɗa, lokacin da murya ke sama. Tsakanin amfilifaya da akwati, waya mai kaurin milimita 1.5 murabba'i, tsawon mita ɗaya, ta wadatar. A yi mata alama da launi don kada ta ɓace cikin sauran.

Kuma ramin da aka rubuta Speaker Out sifika kaɗai yake zuwa. Wanda ya kai shi miksa ko na'urar ɗaukar sauti zai ƙona su. In ana son ɗauka shiru da mai bawul, sai an sa akwatin lodi mai om daidai wanda ke shanye ƙarfin a madadin sifika.

Wat

Wat ɗin da aka rubuta wa amfilifaya an auna shi ne tana fitar da sauti tsaftatacce. Mai jita kuwa yakan ƙure ta har sautin ya dakushe, a nan kuma mai bawul na fitar da fiye da lambarta sosai. Zafin nan a kan kwayil ɗin sifika, wato naɗin siririyar wayar da ke cikinta, yake sauka. Shi ya sa masu gyara ke cewa akwati ya ninka amfilifaya sau ɗaya da rabi zuwa biyu: wat 50 a ba ta akwati mai 75 zuwa 100. Akwati mai yawan wat ba ya cutar da ƙaramar amfilifaya ko kaɗan, kuma ba ya ƙara mata murya.

Za a ce ai Vox AC30 mai wat 30 ta yi shekara da shekaru da sifikokin Celestion Alnico Blue biyu, kowacce wat 15. Gaskiya ne, kuma rabin daɗin sautinta daga wahalar da sifikokin ke sha yake. Amma wannan zaɓi ne na wanda ya san farashin sauya sifika.

Suna ma na yaudara. Celestion Vintage 30, wadda ta fito a 1986, wat 60 ce, ba 30 ba. Greenback G12M wat 25 ce. In aka haɗa su biyun a akwati ɗaya, om iri ɗaya, ƙarfi biyu zai rabu daidai, don haka ba 85 ake da shi ba. Ana ɗaukar mafi ƙanƙanta a ninka da yawan sifikokin: 25 sau 2, wat 50.

Wanda ke neman ƙarin murya kuwa, lambar desibel ta sifika, wato ma'aunin ƙarar da take fitarwa, ya kamata ya duba. Ana auna ta da wat ɗaya daga nisan mita ɗaya. Vintage 30 na ba da 100, Greenback 98, G12T-75 kuma 97. Bambancin desibel 3 daidai yake da ninka wat ɗin amfilifaya biyu. Wato sauya sifika mai 97 da mai 100 ya yi aikin da sauya injin wat 50 da na 100 zai yi. Akasin haka ma na da amfani: mai kaɗawa a ɗaki wanda amfilifayarsa ta yi masa ƙara ya nemi sifika mai ƙarancin desibel. In kuma an gauraya biyu masu tazara sosai, mai ƙarar za ta danne 'yar'uwarta.

Juya ƙari da ragi

In sifika biyu na akwati ɗaya amma sautin ya sirance, kauri ya ɓace, to wataƙila ɗaya na turawa gaba ɗaya na ja baya. Cire wayar daga amfilifaya, ɗauki batir mai bolt 9, taɓa ƙarinsa a tsinin fulogin, raginsa a jiki, na ɗan ƙiftawar ido. Duk takardun sifikokin, wato mazurarin da ke kaɗawa a gabansu, su motsa wuri guda, bisa al'ada waje. Wadda ta saɓa, a musanya wayoyinta biyu. A yi wa akwati biyu da za su yi aiki tare wannan gwajin.

Akwatin da bai dace da aikin ba

Mai buɗaɗɗen baya na watsa sauti gaba da baya, yana cika ɗaki, amma kaurinsa sako-sako ne. Mai rufaffen baya na da kauri mai tauri, yana harba sauti gaba kai tsaye, har wanda ke tsaye a gefensa ya riƙa ƙara murya yana cewa ba ya ji, na gaba kuma kunnensu na tsagewa. Maganinsa a ɗaga akwatin ko a karkata shi ya fuskanci kunnen mai kaɗawa.

Sifikar jita da gangan take yanke sauti daga wajen haz 5,000, wato kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, zuwa sama, shi ke tausasa dakusasshen sauti. In aka kai amfilifayar jita akwatin taro mai tuwita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, sai a ji tsitsi kamar ƙudan zuma a gwangwani. Jitar bes kuma ba ta akwatin jita ba ce: igiyarta mafi kauri na kaɗawa a haz 41, rabin ta jita mai 82, kuma da murya mai ƙarfi tana tura takardar fiye da iyakarta har ta yage. Sabuwar sifika kuwa takan yi tauri da farko, sai ta sha kiɗa na sa'o'i masu yawa take saki, don haka kada a yanke mata hukunci ranar da aka ɗaura ta.

Wajen ɗaurawa

A auna ramin allo da zurfin akwatin kafin a saya. A kombo, babban maganaɗisu kan tokare taransifoma ko bawul. Ana ɗaure sukurori a gicciye, ɗaya sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan har zagaye ya cika. In aka matse gefe ɗaya da ƙarfi ƙarfen jikin sifikar na lanƙwasa, kwayil ya riƙa goga, a ji ƙarar ƙarce. Riƙe sukundireba da hannu biyu, domin maganaɗisu na fizgar ta, kuma takarda ce a gabanta. Sifikar kaɗai za a taɓa: cikin injin mai bawul akwai wutar da ta kai bolt 400 zuwa 500, kuma tana iya zama a ciki bayan an zare fulogi daga bango.

Kunnawar farko a yi ta da murya a sifili, a bar bawul su yi ɗumi na minti ɗaya, sannan a ɗaga a hankali ana saurare. In an kaɗa ba a ji komai ba, kada a ƙara murya ana nema. A kashe nan take, a auna akwatin da wayarsa da mita, sannan a sake gwadawa.