Yadda za a gane ma'anar kalmar "application" a rubutun Ingilishi

Duk wanda ya yi karatun boko a Damagaram ya san kalmar "application" tun daga Faransanci, saboda haka idan ya gamu da ita a takardar da ta fito daga Kano ko a shafin wata jami'ar Ingila, sai ya ɗauka ya riga ya san abin da take nufi. Rubutun ɗaya ne harafi da harafi, amma ma'anonin ba su zo daidai ba, kuma inda suka rabu shi ne inda ya fi shafar matasanmu, wato neman aiki da neman gurbin karatu.

Abin da za a fara riƙewa shi ne tushen kalmar. Daga Latin ta fito, daga aikatau "applicare", wanda ya haɗa "ad", mai nuna fuskantar wani abu, da "plicare", wato ninkewa. Daga "plicare" ɗin ne Faransanci ya samu "plier", kalmar da ake faɗa wa yaro idan ana so ya ninke takarda ko tufafi. Ma'anar farko ke nan: a kawo abu a ɗora shi a kan wani har su manne. Bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da shari'a a can, dubban kalmominsa suka shige Ingilishi, kuma ta wannan hanya "application" ta bayyana a rubutun Ingilishi wajen farkon ƙarni na 15.

Hausa tana da kalmar da ta bi irin wannan hanya, kuma a ganina ita ce mabuɗi mafi sauƙi. Muna cewa an shafa mai a jiki, muna kuma cewa doka ta shafi kowa. A jimla ta farko hannu ne ya ɗora mai a fata, a ta biyu hukunci ne ya hau kan mutane. Duk inda aka ga "application", sai a tambayi kai: me aka ɗora, kuma a kan me?

Daga nan sai a dubi kalmomin da ke maƙwabtaka da ita. Idan "for" ta biyo baya, ko aka ga "form", "fee" ko "deadline" a kusa, to maganar nema ce, wato takardar da mutum ke miƙawa don a ɗauke shi aiki, ko a ba shi gurbin karatu, ko biza, ko tallafi. Mai nema ya ɗora buƙatarsa a gaban masu iko ke nan. Wannan ma'anar ta riga ta zauna a Ingilishi tun ƙarni na 19, amma Faransanci bai ɗauke ta ba, shi "demande" ko "candidature" yake cewa. A nan ne ɗalibin da ya gama Jami'ar André Salifou, yana son ci gaba da karatu a Jami'ar Bayero, zai iya karanta "submit your application" ya ɗauka manhaja ake nufi kamar yadda ya saba a Faransanci, ya shiga neman abin da zai sauke a wayarsa, alhali takardunsa ake so ya cike ya aika kafin wa'adi ya cika. Kuskuren yana da ƙane, kuma ya fi shi muni: kada a juya "demande" ta koma "demand". A Ingilishi "demand" neman abu ne da ƙarfi, kamar mai bin bashi, kuma wasiƙar neman aiki da ta fara da "I demand" tana iya rufe ƙofa tun kafin a duba shaidar karatu. Abin da ya dace shi ne "I wish to apply for".

Idan kuwa "of" ce ta biyo baya, kamar "application of the law", ana nufin zartarwa ko aiki da abu, kuma a nan harsunan biyu sun yi daidai, domin ma'aikatanmu sun saba da "décret d'application", wato umarnin gwamnati da ke fayyace yadda za a zartar da doka. Haka ma ma'anar himma da maida hankali, wadda malamin makaranta ke yabon ɗalibi da ita, tana nan a Ingilishi tun wajen 1600.

A kwalin magani kuma a yi hattara sosai, tun da magunguna da yawa da ake sayarwa a Kasuwar Dole da bayanin Ingilishi suke zuwa. "For external application only" na nufin na shafawa ne kawai, ba a sha, ba a sa shi a baki.

Ma'anar da ta fi yawo yanzu ita ce ta waya da kwamfuta. Asalinta "application program" ne, wato tsarin da ke ɗora ƙarfin na'ura a kan wani takamaiman aiki, kamar rubutu ko lissafi ko aika saƙo. An taƙaita shi ya koma "app", kalmar da ta bazu bayan da kamfanin Apple ya buɗe App Store, kasuwarsa ta sauke manhajoji a waya, a 2008. Da Hausa ana cewa manhaja, kalmar Larabci da a da aka fi sani da tsarin darussan makaranta. Ana gane wannan ma'anar da "download", "install" ko "update". Idan jimla ta haɗa biyun, kamar sanarwar da ta ce a cike "application" ta cikin "app", to ta farko takardar nema ce, ta biyu kuma manhajar da za a aika ta da ita.