Talabijin ƙato, hoto dishi-dishi: ku fara duba wayar da ta haɗa shi da dikoda

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na leƙa gidan maƙwabcina a Unguwar Rogo, na tarar yana ta mita wai an cuce shi. Ya sayo talabijin mai inci 65 a kasuwar Terminus ta Jos, amma fuskokin 'yan ƙwallo duk sun yi dishi-dishi. Da na zagaya baya sai na ga tsohuwar wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ita ce a jikin dikoda. To ita ce ummul haba'isin. Hoton da take kawowa bai wuce layi 576 ba, talabijin ɗin kuwa 4K ne, layi 2160. Kamar a ɗauki hoton fasfo a miƙe shi ya cika bango ne.

Muka sa wayar HDMI, wato wayar zamani mai kai ɗaya da ke kawo hoto tangaram, muka shiga saitin dikoda muka mai da hoton layi 1080. Nan take har zufar goshin gola muna gani.

Sai kuma yanayin hoto. Vivid na shago ne, don ya ja idon mai saye. A falo sai ya sa fata ta yi ja kamar an shafa manja. Ku koma Movie ko Cinema, ku rage Sharpness, wato kaifin hoto. In fim kuke kallo, ku kashe abin da kamfanin LG ke kira TruMotion, wato saitin da ke ƙara wa motsin hoto santsi.

Bidiyon biki da aka turo ta WhatsApp kuma an riga an matse shi, a nemo na asali a filashi. Ƙurar hunturun Jos, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa a goge ta daga fuskar talabijin, kar a fesa wa gilashin ruwa.