Me ya sa faifan bikin ya ƙi karantuwa?

Ko da yake yau kowa a salula yake kallo, a nan Yamai har yanzu ana zuba bidiyon aure ko na suna a faifai don a aika wa tsoffi a Tawa, inda na'urar DVD ce a ɗaki. Sai faifan ya je ya ƙi, a koma ana zagin mai shagon da ya sayar da shi. Sau tari faifan ba shi da laifi, tun a cikin kwamfuta aikin ya lalace.

Abin da aka fi yi shi ne a ja fayil ɗin MP4 a jefa shi cikin faifai kamar ana zubawa a kile na USB. Kwamfuta za ta karanta, na'urar DVD kuwa ta ce babu komai. Ita jaka take nema mai suna VIDEO_TS, da fayilolin VOB, IFO da BUP a ciki, bidiyon kuma a tsarin MPEG-2. Wasu na'urorin suna karɓar AVI, shi ne ke ruɗar mutane: ya yi a gidan wane, ya ƙi a gidan Hajiya. Ka yi amfani da manhajar da ke haɗa faifan kallo, irin DVDStyler wadda kyauta ce, ko ka zaɓi DVD-Video idan da manhajar Nero Video kake aiki.

Kafin ka yanka komai, duba ko aikin yana kan PAL ko NTSC, wato tsare-tsaren hoton talabijin. Namu PAL ne: 720 sau 576, hoto 25 a daƙiƙa. NTSC na su Amurka da Japan ne, 720 sau 480, kuma tsohuwar talabijin kan nuna shi fari da baƙi ko hoton ya riƙa birgima.

Wanda ya fi cin rai shi ne saɓanin murya da baki. A farko komai daidai, amma kafin a kai ga ɗaurin aure liman ya rufe baki, Fatiha ba ta ƙare ba. Sanadin yawanci salula ce. Ba ta ɗaukar hoto da adadi tsayayye. Cikin rana ta ba ka 30 a daƙiƙa, da an shiga ɗaki mai duhu ta rage, sauti kuwa yana tafiyarsa. Manhajar tace bidiyo ta ɗauka duk ɗaya ne, sai ɓaraka ta riƙa taruwa kaɗan-kaɗan. Mutane kan zauna suna jan layin sauti da hannu, su gyara nan can ya ɓaci, ɓata dare ne kawai. Ka fara bi da kowane fayil ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, ka tsayar da shi a 25 ba hawa ba sauka, sannan ka soma yanka. Sautin ma ya zama 48 kHz, don shi DVD ke so. Kuma ka karɓi bidiyon daga salular da kebul. Wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, ba abin da zai maido masa da kyansa.

Sai haɗama. An rubuta 4.7 GB a jikin faifai, kwamfuta ta nuna kusan 4.37. Awa ɗaya takan fito tas, awa biyu ma ba laifi. Amma a ce wunin biki na awa huɗu sai ya shiga faifai ɗaya? Zai shiga, sai dai da an fara rawa, shadda na ƙyalli, fuskoki su farfashe su zama ƴan murabba'ai. Ka raba shi biyu, ko ka yi ta maza ka zubar da abin da ba mai kallo. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya zauna ya kalli minti ashirin na rabon abinci ba.

In amarya ta fito siririya kamar sanda, an sa bidiyon 16:9 (faffaɗan allo) a aikin 4:3 (allon tsohuwar talabijin) ne. Wanda aka ɗauka da salula a tsaye, bar shi da baƙin gefensa, kada ka ja shi ya cika allo. Sunayen ango da amarya kuma ka matso da su ciki, tsohuwar talabijin tana cinye gefe.

Wajen zubawa, fara fitar da aikin a matsayin ISO, wato kwafin faifan duka a fayil ɗaya, ka buɗe shi da manhajar kallo ta VLC ka leƙa farko, tsakiya da ƙarshe. Ka zuba a hankali, saurin 4x ya isa ko da faifan ya ce 16x, ka kuma tabbata an rufe faifan, don wanda aka bari a buɗe na'urori da yawa ba sa ganinsa. Yadda kuran, wato wutar lantarki, ke ɗaukewa lokacin zafi, gara kwamfutar hannu mai batir, domin DVD-R da ya katse a tsakiya ya tashi aiki. Kada ka goge ISO ɗin nan, gobe ƙanwar amarya za ta zo neman nata.