Yadda za ki rage kuɗin wutar firji a Gusau

Ke mai sayar da zoɓo da kunun aya, fara da lissafi. Duba takardar da ke manne a bayan firjin, za ki ga adadin wat ɗinsa, wato ƙarfin wutar da yake ja. A ce 150 ne, injin kuma yana aiki awa 10 a rana: 150 sau 10, raba da 1,000, ya ba ki yunit 1.5 kullum, 45 a wata. Ninka da farashin yunit da ke kan rasit ɗin Kaduna Electric.

Daga nan sai wurin ajiya. Janye firjin daga bango kamar tafin hannu, nesa da murhu da tagar rana. A zafin Maris da Afrilu, da ake haura digiri 40, injin da ba ya samun iska ba ya hutawa.

Cire soket, ki goge ƙurar hunturu da ta lulluɓe ƙarafan baya.

Yanzu robar ƙofa, wadda mutane suka fi sakaci da ita. Saka takarda, ki rufe, ki ja. In ta zame cikin sauƙi, sanyi na tsiyaya, kuɗinki na bin sa. Wanke robar da ruwan ɗumi. In ta tsage, kira mai gyara ya sauya.

Kada ki saka zoɓo da zafinsa, bari ya huce tukuna. Ƙanƙara in ta yi kauri a jikin firiza, kashe firjin, bari ta narke da kanta, ban da wuƙa don Allah, tana huda bututun gas.

In an kawo wuta, dakata minti biyar kafin ki kunna.