Babi na 7: Kai Kaya Wurin 'Yan Gwangwan

Darasi na 1: Ware kaya

Ba duk sharar gida ce ta bola ba. Gorar roba, ledar fiya wata, gwangwanin madara, tsohuwar tukunya da kwali, duk 'yan gwangwan suna saye, su kai wa kamfanonin da ke sake sarrafa su. A nemi buhu uku: na roba, na ƙarfe, na kwali. A rubuta sunan kowanne a jikinsa da manyan baƙaƙe. Alminiyon a ajiye shi daban, domin ya fi ƙarfe tsada. Ga yadda ake gane shi: mayen ƙarfe ba ya kama shi. A zubar da ruwan cikin gora, a taka ta ta lotse, a shanya. Jiƙaƙƙen kaya rage masa kuɗi ake yi.

Darasi na 2: Sikeli

Nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Da kilo ake saye. Kafin a rataya buhunka, dubi allurar sikeli. Dole ta tsaya a kan sifili. Sifili shi ne wannan: 0. Kamar ƙwai yake. Rubuta shi a allonka. Madalla, sake rubutawa.

In allura ba ta kan 0, ka ce: "Malam, a gyara sikeli tukuna." Ba rashin kunya ba ne. Sai ta koma 0 sannan a rataya buhu. Jira ta daina rawa, karanta lambar da ƙarfi, ka rubuta. Za a ɗora buhu na biyu? Sake duba 0. Na uku ma haka, Baba, haka Inna.

Haba jama'a! Kullum sai an faɗa, amma mutum ya je yana kallon fuskar mai awo, ya bar allura. Fuskarsa ce za ta biya ka? Sifili tukuna, sannan buhu.

Gwaji: a ce kilo naira 100 ne, allura ta nuna 4. Nawa za a ba ka?

Darasi na 3: Abin da ba a haɗawa

Allurar asibiti, fasasshiyar kwalba da robar maganin ƙwari kada su shiga buhu. Kada a ƙona leda, hayaƙinta na cutar da ƙirji.

Darasi na 4: Ragowar shara

A kai inda hukuma ta ware, ban da kwata.