Yada zango da doki a dazukan tsaunukan Amurka: jagora ga sabon zuwa

Yawancin dazukan da ke kan tsaunukan yammacin Amurka, daga Kolorado zuwa Wayomin, Montana da Aidaho, mallakar gwamnatin tarayya ne. Hukumar gandun daji ta ƙasa, wadda ake kira Forest Service, an kafa ta a 1905, ita ke kula da dazuka 154, kuma baƙo da ɗan ƙasa duk suna da damar shiga da dawakansu su kwana. Ɗan'uwa, in ka iya hawa, wannan ba zai ba ka wuya ba. Inda sababbi ke shan kunya shi ne bayan an sauke sirdi: ina dokin zai kwana, me zai ci, me zai sha, kuma da safe za a same shi inda aka bar shi ko kuwa.

Takardu da izini

Takarda ta farko ita ce ta gwajin Coggins. Likitan dabbobi ke ɗibar jini a duba wata cuta mai ƙarar da jinin doki, wadda ƙudaje masu cizo ke yaɗawa, kuma ba ta da magani. Yawancin jihohi na son gwajin da bai wuce wata 12 ba. Sakamakon kan ɗauki kwanaki, don haka kada ka bari sai ana jibi tafiya. In za ka tsallaka iyakar jiha, sai ka haɗa da takardar shaidar lafiya, wadda galibi kwana 30 take aiki. Jihohin yamma irin su Montana, Wayomin, Kolorado da Aidaho suna da ƙarin bincike na tabbatar da mai dabba, ko da ba a taɓa yi wa dokin lamba a jiki ba. In aron doki ka yi, riƙe rubutaccen izinin mai shi.

Daga nan ka buga waya ofishin jami'an dajin da za ka shiga, na gundumar, ba babban ofishi ba. Tambaye su abu huɗu: an sare itatuwan da suka faɗi a hanya? Dusar ƙanƙara ta narke a mashigin tsauni? An hana hura wuta? Akwai ruwa a zangon? A wurare masu tsayi ƙanƙara kan kai watan Yuli, shi ya sa gandun Yellowstone ba ya barin a kwana da dabbobi a cikin daji kafin 1 ga Yuli. Tafiyar farko a yi ta a zangon da aka gina don masu dawakai, mai shingen ƙarfe da wurin juya tirela, wato akwatin ɗaukar dawakai da mota ke ja. Ana kama wuri a shafin Recreation.gov. Kwana a buɗaɗɗen daji kyauta ne a yawancin dazukan ƙasa, iyaka dai galibi kwana 14 a wuri guda. Yankunan da dokar kare daji ta 1964, wato Wilderness Act, ta keɓe kuwa ba a shiga da inji ko keke, ko zarton inji ba a yarda ba, kuma akwai iyakar yawan ayari. A wasu wuraren 12 ne, ana haɗa mutum da dabba a ƙidaya.

Ci da sha

A dazukan yamma ba a yarda ka shigo da kowace irin busasshiyar ciyawa ba, sai wadda aka duba aka ba ta shaidar ba ta ɗauke da irin muguwar ciyawa. Ana gane damin da launin igiyarsa ko tambarin da ke jiki. Ajiye rasit a mota, jami'i kan tambaya. Akwai wani lissafi da mutane ke mantawa. Ƙwayar iri tana yin kwana biyu zuwa uku a cikin doki ta fito da ranta a kashi, saboda haka kwana uku kafin shiga daji ya zama wannan ciyawar kaɗai yake ci. Amma canja wa doki abinci farat ɗaya yana jawo ciwon ciki. Ke nan ka fara gauraya sabuwar da tsohuwar tun saura kwana 10, kana ƙara sabuwar kaɗan-kaɗan.

Doki mai nauyin fam 1,000, kusan kilo 450, yana cin ciyawa fam 15 zuwa 20 a rana. Ƙaramin dami na fam 50 zuwa 60 kwana uku zai yi wa doki ɗaya. In za a yi nisa da mota, an fi ɗaukar ciyawar da aka dunƙule, don ba ta cin wuri. A jiƙa ta kafin a ba shi, domin doki mai yunwa yakan haɗiye ta a bushe ta tsaya masa a maƙogwaro. Hatsi kada ya wuce fam 5 a ci ɗaya, a zuba a jakar baki, ba a ƙasa ba. A tafi da gishiri, saboda gumi.

Ruwa galan 5 zuwa 10 a rana ga dokin da ke hutawa, galan ɗaya kuwa lita 3.8 ne. Mai hawa tsauni da zafi yakan ninka haka. Wani dokin ba ya shan baƙon ruwa. Maganinsa shi ne ka riƙa zuba ɗan ruwan tuffa a bokitinsa tun a barga na wasu kwanaki, ka ci gaba da hakan a daji. A shayar a mashigin rafi mai duwatsu ko a bokiti, kada a bar su su tattake gaɓa mai laushi. Kuma na gaba ya jira har na baya ya gama, don doki ba ya tsayawa sha in ya ga 'yan'uwansa sun wuce. In kana shakka, tsunkuli fatar wuyansa ka saki. Idan ta daɗe ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Ɗaurin dare

Ba a ɗaure doki a jikin bishiya ya kwana. Zai yi ta tono da kofato har saiwa ta fito, ya gaigaye ɓawon, bishiyar ta mutu, kai kuma a ci ka tara. Abin da ake yi shi ne igiyar sama. Nemi wuri mai tauri, busasshe, aƙalla ƙafa 200 daga ruwa da hanya, kusan taku 70 na babban mutum. Zaɓi bishiya biyu masu rai, kaurin kowace ya kai inci 8, ka ɗaga kai ka tabbatar babu busasshen reshe ko matacciyar bishiya da iska za ta kayar. Naɗa wa kowace maɗauri mai faɗin inci 2 ko fiye don kada igiya ta yanke ɓawon. Sai ka miƙa igiya mai kaurin rabin inci tsakaninsu, tsayinta daga ƙasa kamar ƙafa 7, yadda doki zai wuce ta ƙarƙashi ba ta taɓa kansa ba. Ja ta ta yi tsam. Bayan awa ɗaya ka sake ja, don sabuwar igiya tana saki, raɓa ma tana ƙara mata.

Tsakanin doki da doki a bar ƙafa 10, na gefe kuma ya yi nisa da bishiyar yadda bakinsa ba zai kai ba. Waɗanda ba sa shiri a raba su, a sa mai sanyin hali a tsakiya. Wurin da igiyar ragama za ta haɗu da ta sama a sa zoben ƙarfe mai juyawa, in ba haka ba doki zai yi ta zagaye har igiyar ta murɗe ta gajarce ta rataye masa kai.

Tsawon igiyar ragama shi ne abin da ya fi raunata dawakai. Lokacin ci, a sake ta daidai yadda hancinsa zai taɓa ƙasa da ƙyar. Da dare a rage. In ta yi tsawo, doki zai ɗaga ƙafar baya ya sosa kunne, ƙafar ta haye igiya, ya firgita ya ja, igiyar ta ƙone masa bayan kofato ko ta kayar da shi. Irin wannan ƙunar takan ɗauki makonni. A yi ƙullin da ja ɗaya ke kwancewa, a ɗaure ta ragama, har abada ba ta linzami ba, a cire sirdi don kada ƙahonsa ya sarƙe a igiyar. Wuƙa mai kaifi da tocila su kwana kusa da kanka, tantinka kuma ya zama inda za ka ji motsinsu. Duk wannan a fara koya wa doki a gida. Daren farko a kan tsauni ba wurin gwaji ba ne.

Dabaibayi na kiwo ne, ba na kwana ba. Doki da ya saba da shi yakan yi tsalle da ƙafafun gaba biyu ya fi mutum sauri. A bar su su ci awa ɗaya zuwa biyu ana kallo. Da zarar sun fara ɗaga kai suna waige-waige sun ƙoshi, a kama su. Kullum a bar ɗaya a ɗaure, kuma ya zama wanda sauran ke bi. In sun tsere, hanyar da suka zo za su bi su koma wurin tirela, shi ya sa gogaggu ke kafa tanti tsakanin wurin kiwo da wannan hanyar, su kuma rataya wa ɗaya ƙararrawa. Shingen lantarki mai batir yana da amfani da rana. Mu dai ba mu yarda da shi da dare ba, barewar daji guda ta isa ta ratsa shi ta tafi da wayar.

A kan hanya

Dokin da ya saba da fili yana bukatar mako huɗu zuwa shida ana hawa da gangara da shi kafin tafiyar. A sama iska ba ta da yawa, zai yi haki da wuri. Tsaya masa akai-akai har numfashinsa ya lafa. Mil 3 a awa tafiya ce mai kyau, mil 10 zuwa 15 a rana ya isa. Nauyin da zai ɗauka, kai da sirdi da kaya, kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. A sa maɗaurin ƙirji don kada sirdi ya zame baya a hawa, da na wutsiya don gangara, a sake duba majayin sirdi bayan rabin awar farko. Dokin kaya ko alfadari, a auna jakunkunan gefe biyu da sikeli su zo ɗaya. Bambancin fam biyu ko uku ya isa ya karkatar da kayan ya yi masa miki a baya. Igiyarsa a riƙe a hannu, kada a ƙulle ta a sirdi. In dabbobin kaya sun fi ɗaya, a haɗa su da siririyar igiya mai tsinkewa, don in ɗaya ya faɗa gangare kada ya ja sauran.

A yi masa takalmin ƙarfe mako ɗaya ko biyu kafin tafiya, a riƙe takalmin roba ɗaya ko da wani zai cire. A tsaunukan Roki hadari da tsawa kan taso bayan azahar a Yuli da Agusta, saboda haka a tsallake ƙololuwa da hantsi. Kowace ƙafa 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 2 na Salshiyos, dokin da ya iso zango jiƙe da gumi a goge shi ya bushe kafin rana ta faɗi. A ƙarshen rani zirnaƙo kan yi gida a ƙasa a bakin hanya. Na gaba ke tayar da su, na baya ke shan harbi, in ya faru kowa ya wuce da sauri. A ƙa'ida mai keke da mai tafiya a ƙasa ke ba doki hanya. Roƙe su su tsaya ta ɓangaren gangare su yi magana, don doki ya gane mutum ne. Lokacin farauta, da kaka, sa wa kanka da dokin ƙyalle mai launin lemo mai haske, don mafarauta su gan ku.

Inda akwai beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari, hatsin doki abinci ne a wurinsa kamar naka. A sa a akwatin da aka amince da shi, ko a rataye ƙafa 10 daga ƙasa, ƙafa 4 daga jikin bishiya. A yi girki nesa da tanti, yadi 100 a yankin babban beyar da ake kira grizzly. Feshin korar beyar ya kasance a ƙugunka, don in doki ya yar da kai ya gudu, wanda ke cikin jakar sirdi ya tafi da shi. Ka nemi hoton tsiron da ake kira water hemlock ka san shi. A bakin rafi yake fitowa da fararen furanni, kuma ɗan kaɗan daga saiwarsa yana kashe doki. A dazukan gabas, yanƙwanannen ganyen bishiyar jan maful da na bishiyar cerin daji su ne abin tsoro.

Ka san lafiyayyen dokinka tun a gida: zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. In ya ƙi ci, yana tono, yana waigen cikinsa, yana son birgima, kashi kuma ya tsaya, ciwon ciki ne. Ɗauke abinci, ka zaga da shi a hankali, ka nemi likita. Galibi waya ba ta kamawa a can, saboda haka na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ta cancanci kuɗinta. Ka bar wa wani sunan hanyar da ranar dawowarka, ka kuma riƙe lambar likitan dabbobi mafi kusa da dajin.

Ranar tashi, a buɗaɗɗen daji a warwatsa kashin dawakai, a cike ramukan da suka tona, a kwashe ragowar ciyawa da igiyoyi. A ginannen zango kuwa akwai wurin zuba kashin, ko ka kwashe ka tafi da shi, kuma ba a share cikin tirela a wurin ajiye motoci. Wuta a zuba mata ruwa a motsa tokar har hannu ya iya taɓawa. A gangarowa da tirela sa mota a ƙaramar giya tun daga sama, kada ka ɗora ƙafa a birki ka bar ta, don in ya yi zafi daina kamawa yake. Ka sha kwana a hankali, dawakan a tsaye suke a baya, kuma sun gaji.